Kanon 2050 da ake zana mana babu ɗan garuwa a ciki

Hotunan nan sun fara isata. Ka leƙa Facebook sai ka tarar an sa kwamfuta ta zana "Kanon 2050": benayen gilashi sun tokare sama, jirgin ƙasa na keta Ƙofar Mata, titi tas kamar an lashe. A ƙasa kuwa sai ruwan addu'a, Allah ya nuna mana. Na ƙura wa ɗaya ido ina neman ɗan garuwa, ban gan shi ba. Babu a-daidaita-sahu, babu mai shayi, ko darbejiya ɗaya da mutum zai raɓa babu.

Kwamfutar ba ta da laifi, abin da muka koya mata ta maimaita. Tun da Kwankwaso ya gina gadar Ƙofar Nassarawa, gadar sama ta zama mudun auna ci gaba. Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, Abba ya kama Tal'udu da Ɗan Agundi. Ko sun saɓa a siyasa, a kan siminti bakinsu ɗaya. Za a ce gada na rage cunkoso. Tana kwashe shi dai, ta juye a shataletalen gaba.

Ni a ganina ruwa ne zai yanke yadda zaman birnin nan zai kasance nan da 2050, yawansa da damina da rashinsa da rani.

Kakanninmu sun haƙi ƙasa sun yi tubali, ramin ya zama kududdufi, ruwan unguwa ya samu wurin kwana. Wanda na taso a bakinsa, inda muka sha duka saboda wanka, an bi shi da bola shekara da shekaru har ya cike, aka yanka shi filaye. Yau shaguna ne hawa uku. Shi ruwa ba a sanar da shi an yi ciniki ba. Duk watan Agusta sai ya zo gidansa ya tarar da baƙi, ya juya ya faɗa ɗakunan maƙwabta, ka ga tsohuwa da tsakar dare tana kwalfe ɗaki da kwano. 'Yan Kantin Kwari sun ɗanɗana a 2022, lokacin da atamfa da shadda suka kwana cikin ruwa. Abin da ya samu Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa ya hana mai mulkin kowane birni barci.

Da rani kuma labari ya juye. Ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Baƙo, ga matatun ruwa na Challawa da Tamburawa, amma unguwanni nawa ne yaransu suka taɓa ganin famfo ya kawo? Mai hali ya haƙa burtsatse, rijiyar maƙwabcinsa ta ƙafe, na gaba ya haƙa wadda ta fi zurfi. Haka za mu yi ta yi har 2050?

Sai batun gilashin. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Benen gilashi ba wuta a irin wannan rana tanda ce, alhali soron ƙasa na cikin birni da sanyinsa ba ko fanka. Saudiyya ma, da duk kuɗin man fetur ɗinta, ta shelanta birnin madubi mai tsawon kilomita 170 a 2021, ga shi tana ja da baya. Mu da me za mu yi namu?

A daina sayar da sauran kududdufai da abin da ya rage na badala. Kuɗin gada ɗaya a zuba shi a bututu da magudanai, a dasa itatuwa a kuma ɗauki mai ba su ruwa. In kuma mai zanen zai sake wani, ya taimaka ya sa kura da jarkokinta a gindin benen, don yadda ake tafiyar nan mai turata yana nan, kuɗin jarka ne kawai zai ƙaru.