Wai Arewa sai rana da ƙura?

Har yanzu maganar yaron nan ta guruf ɗinmu na 'yan Agege tana cina a rai wallahi. Kun dai ga hoton, ya je Lekki yawon sallah ya hau gadar nan da ke lilo a saman bishiyoyi, ya rubuta wai Allah sarki Arewa, mu sai rana da ƙura. Manya da furfurarsu suna ta tura masa alamar dariya. Ƙanena, in kana karantawa ba cin mutuncinka zan yi ba, amma wanda aka binne cibiyarsa a Haɗeja bai kamata wannan magana ta fito daga bakinsa ba.

Ruwa muna da shi jama'a, kallonsa ne ba ma yi.

Wurin Lekki ɗin na je, yana da kyau, na taka gadar nan mai mita 401 gwiwoyina na rawa. Amma duk dajin da fadamarsa hekta 78 ne fa. Ka ɗauke shi ka kai fadamar Haɗeja da Nguru ka ajiye, sai ya ɓace kamar an jefa tsakuwa a tafki. Su dai sun killace nasu tun 1990, sun sa ƙofa da masu gadi, sun ce abin nan yana da daraja, shi kenan bambancin.

Ina yaro kawuna masunci yakan ɗauke ni a kwalekwale bayan sallar asuba lokacin hunturu, hazo kwance a kan ruwa, furen bado bai gama buɗewa ba, yana zaro tarwaɗa daga mali tana fal-fal a ƙafata, can sai garken tsuntsaye ya tashi gaba ɗaya ka ji fukafukansu kamar ana kaɗa tabarma ɗari lokaci guda. Kirinjijiya, dinya, zalɓe, da wasu da kawu yake ce wa baƙi. Sai da na girma na san baƙin nan daga Turai suke ketaro Sahara su zo su ci hunturu a wajenmu. Tsuntsu ya san hanyar Dagona, matattarar tsuntsaye da ke cikin fadamar nan, marigayi Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin ya san ta har ya zo a 1989, a shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na Ramsar, amma ɗan gida bai sani ba. Haba!

Za a ce min tsaro. Na ji, ban ce kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi Baga ba. To shekarun da ake tafiyar dare lafiya lau wa ya je? Za a ce kuɗi. Kuɗin ankon biki ɗaya ya isa ka zaga dam ɗin Tiga kai da yaranka har ka yi canji. Ku bar wannan zancen. Sau nawa muka ratsa gadar Jebba a hanyar gida muna barci ko muna danne-dannen waya, kogin Kwara shimfiɗe a ƙarƙashinmu? Masu bi ta Lokoja, wa ya taɓa sauka ya hau dutsen Patti ya ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu? Bikin kamun kifin Argungu tun 1934 ake yinsa a kogin Matan Fada, UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, mu kuma sai dai mu ga hoton giwan ruwa a Facebook mu wuce.

Kallonsa ne ba ma yi, kuma abin da ba a kallo mutuwa yake yi ba wanda ya ji. Tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke shayar da fadamarmu ta canza, ciyawar kacalla ta cika hanyoyin ruwa ta toshe su, tsuntsun jan baki ya samu wurin kwana a cikinta yana cinye wa manoma shinkafa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye, kusan kashi tara cikin goma ya tafi. Ni da idona na san yara 'ya'yan masunta, iyayensu masu jirgi da taru, yau ga su nan Legas suna tura kurar ruwa layi-layi suna sayar da jarka. Duk sanda na gamu da ɗayansu sai zuciyata ta karye wallahi. Wannan ne ya sa dariyar nan ta ƙona min rai.

Af, kuma mai jefa ledar fiya wata cikin ruwa ta tagar mota a kan gadar Third Mainland, don Allah ya ji tsoron Allah, mutanen Makoko a ruwan nan suke kamun abin da za su ci. Sannan wanda zai taso daga gida satin nan ya yi min magana, ina son bandar tarwaɗa ta Nguru, ta nan ko kusa ba ta kama ƙafarta a miyar kuka ba.