Littafin da har yanzu yake cikin leda

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman mu na nan Jos, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana ta ƙofar alheri, shi ya sa ba a cika yi mata wa'azi ba. Ita ce sayen littafi a kan littafi alhali na jiya ko ledarsa ba a cire ba.

Ana sallame sallar Juma'a sai a nufi wajen masu littattafai a harabar masallaci. Wannan bugun Beirut ne, wancan bugun Misra ne, ga sabon tahƙiƙi, wato bugun da aka tantance, mai farar takarda. Mai zuwa Kano a ba shi sautu daga Kurmi, mai zuwa Umara ya dawo da kwali daga Madina. A kai gida, a jera a kanta, a ɗauki hoto a sa a Facebook, jama'a su yi ta Masha Allah. Daga nan sai ƙurar hunturu da danshin damina su ci gaba da aikinsu. Wayoyinmu ma haka suke, cike da littattafan da aka sauke daga Telegram, ko sunayensu ba mu riƙe ba.

Haɗarin yana nan ne: ranar da ka sayi littafi, zuciya tana samun irin daɗin da ya kamata ta samu ranar da ka sauke shi a gaban malami. Sai ta gamsu da wannan, ƙishirwar karatun ta kwanta. Mutum ya riƙa jin kansa a sahun masu ilimi saboda abin da ke jikin bangonsa, alhali in aka tambaye shi abin da ke jawo ƙabli da ba'adi sai ya fara kame-kame. Ibnu Hajar ya fara rubuta Fathul Bari, sharhin Sahihul Bukhari, a shekara ta 817 bayan Hijira, bai kammala ba sai 842. Shekara 25 ke nan na wahalar bawan Allah. Mu kuwa mun saye shi mujalladi 13, mun mayar da shi adon falo.

Sau nawa liman ya karanta mana Suratul Jumu'a muna tsaye a bayansa? A aya ta 5 Allah Ya buga misali da waɗanda aka ɗora wa Attaura ba su ɗauke ta ba, Ya ce kamar jaki ne ɗauke da manyan littattafai. A kansu ta sauka, amma malamai sun ce gargaɗi ce ga duk wanda ya riƙe littafi bai yi aiki da shi ba. Ya kamata jikinmu ya yi sanyi.

Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi rayuwarsa, da iliminsa, da dukiyarsa ina ya samo kuma ina ya kashe, da jikinsa. Ɗan'uwana, a wannan tsadar rayuwa, in kuɗin makarantar yara yana jiranka, ko uwargida tana ta lallaɓa cefane, ko akwai bashin wani a wuyanka, ka kuma je ka ƙaro bugu na uku na littafin da kake da biyu, wace amsa ka tanada? Kasancewarsa littafin addini ba ta goge haƙƙin iyali.

Kada a fahimce ni a karkace. Malami da mai bincike suna buƙatar littattafan muraja'a, wato na dubawa in buƙata ta taso, kuma ba wanda ya ce sai an karance ƙamus daga bango zuwa bango. Kowa ya san kansa, ya san dalilin da ya sa ya miƙa kuɗin.

Magabatanmu a ƙasar Hausa da hannu suke kwafar littafi. Ɗalibi ya zauna a zaure da Ahalari, ya biya, malam ya fassara, ya koma ya maimaita, sai ya sauke kafin ya taɓa Ishmawi, balle Iziyya da Risala. Abu Abdurrahman Assulami ya ba da labarin cewa Sahabban da suka karantar da su ba sa wuce aya goma sai sun san abin da ke cikinta na ilimi da aiki. Annabi (SAW) kuma, kamar yadda Muslim ya ruwaito, yana neman tsarin Allah daga ilimin da ba ya amfani.

Saboda haka ka tsayar da saye na ɗan lokaci. Ka zaɓi ƙaramin littafi ɗaya, ko Arba'una ce mai hadisi 42, ka kai shi gaban malamin unguwarku tsakanin Magariba da Isha'i, ko shafi ɗaya ne kullum. Waɗanda kuwa ka tabbata ba za ka buɗe ba, akwai Islamiyyoyi a Gangare da Unguwar Rogo da Rikkos inda za ka tarar da ɗalibai suna karo-karo a kan kwafi ɗaya. Ka rubuta "waƙafi" a shafin farko, ka damƙa wa shugaban makaranta hannu da hannu, kada ka ɗauki hoto.