Nacin Edison da Injinan da Ke Shan Ƙura a Samaru

Na'urar farko da Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya yi wa rajista a Amurka, a 1869, ta ƙirga ƙuri'un 'yan majalisa ce, kuma ko mutum ɗaya bai saya ba. Shekara goma bayan haka, a watan Oktoban 1879, a ɗakin gwajinsa na Menlo Park, shi da ma'aikatansa suka samu zaren auduga da aka mayar gawayi ya yi sama da awa 13 yana haske a cikin ƙwan fitila. Da wani ne, da ya yi hamdala ya tsaya nan. Shi kuwa ya ci gaba da gwada itatuwa da ciyayi iri-iri, har ya dace da gorar Japan, wadda ta haura awa 1,200.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne faɗuwarsa bayan ya yi suna. A shekarun 1890 ya zuba dukiyarsa a harkar tace ƙarfe daga dutse a jihar New Jersey, ya tafka asara mai karya zuciya. Bai zauna zaman makoki ba, sai ya ɗauki dabarun niƙa dutsen ya shiga yin siminti.

Sai dai masu kawo labarinsa a taron yaye ɗalibai kan tsallake abu biyu. Edison yana rubuta kowane gwaji a littafi, abin da ya ci da wanda bai ci ba, don kada gobe a sake faɗawa ramin jiya. Sannan yana da attajirai irin su J.P. Morgan mai banki da suka zuba kuɗi suka jira. Naci na son jari da mai haƙurin jira.

A nan ne Zariya ke ba ni takaici. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, ga maƙera da masu walda cike da Sabon Gari da Tudun Wada, ba ya rasa masu basira. Amma ɗalibi zai haɗa injin casar masara da kuɗin aljihun mahaifinsa, a ba shi maki, a jingine injin a lungu. In ya ƙi tashi a gwajin farko, shi ke nan, an yi masa jana'iza.

Mun kuma san amfanin jira. Waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsa, wanda cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya ta fitar a 2019, ya ci shekaru ana gwajinsa a gona kafin ya isa hannun manomi. Attajiranmu da tsofaffin ɗaliban jami'ar za su iya zaɓar irin waɗannan injinan duk shekara, su biya kuɗin gwaji na biyu da na uku, su haɗa ɗalibin da maƙerin da zai ƙera masa kayan gyara.