Kuɗinmu cikakke, fim ɗinku guntu: ƙorafi kan masu tura camama a kasuwannin ƙauye

Duk kasuwar mako da mutum ya shiga a ƙasar Kano da Jigawa, Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ko Gujungu ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin, Maigatari ranar Alhamis, ba zai rasa rumfar mai tura fim ba: tebur, tsohuwar laftof, ɗan janareta yana ta ɓaɓatu a bayan rumfa, samari sun yi cincirindo kowa da memorinsa a hannu. Farashin tura fim guda ya danganta da gari. Kuɗin ba shi ne abin magana ba. Abin da ke ƙona rai shi ne tarkacen da ake zuba wa mutane a kati da sunan tsofaffin fina-finan barkwanci na camama, a karɓi kuɗinsu cif, a sallame su da guntu.

Wanda bai san camama ba zai ce, to mene ne in an ɗan rage? Ai fim ɗin soyayya ne ake rage masa waƙa ɗaya labari ya tsaya daram. Camama ba haka take ba. Masu ba da umarninta na da, waɗanda aka riƙa yi wa kallon marasa saiti, aikinsu kyamara ɗaya ce, bayan gari ko wani zaure a ƙauye, sau da yawa babu rubutaccen labari. Darakta ya faɗa wa 'yan wasa inda magana za ta dosa, ya kunna kyamara, ya ƙyale su. Akuya ta ratso tsakiyar sin, ba zai ce a sake ba. Ɗan wasa ya manta abin da zai ce ya tsaya yana zare ido, wannan zare idon shi za a bari, har a ƙara masa tsawo. A ce mutum ya zo aron jaki: gaisuwa kaɗai ta ci minti huɗu, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi lafiyar jakin kansa, ya miƙe ya tafi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Dariyar tana cikin tsawon gaisuwar da shirun da ya biyo baya. Abin da ya sa har yau ake samun majalisar da ta haddace irin waɗannan fina-finai kenan, ɗaya ya ɗauko magana sauran su ƙarasa masa.

To wannan tsawo da wannan shiru su ne farkon abin da almakashin masu turi ke ci. Yaron da aka bar wa kwamfuta ya ga minti biyu ba a cewa komai, sai ya ɗauka faifai ne ya maƙale, ya datse. Ya ga gaisuwa ta yi yawa, ya datse. Sunayen farko da na ƙarshe kuwa tuni aka yi waje da su, don haka mai kallo bai san wa ya ba da umarni ba, bai san shekarar da aka yi fim ɗin ba. A madadinsu an liƙa lambar wayar mai shago tana yawo a tsakiyar hoto daga farko har ƙarshe, kuma ba ta tashi ratsawa sai ta kan fuskar ɗan wasa, wurin da rabin barkwancin yake. Wani ma har dariyar gwangwani yake ɗorawa a kan sautin, wai don a san inda za a yi dariya. Mu ne ba mu san inda ake dariya ba?

Sannan a zo ga matsewa, wadda ita ce babbar ɓarna. Yawancin waɗannan fina-finai a faifan VCD suka fita kasuwa, wasu kuma tun zamanin kaset. Faifan VCD yana ɗaukar abin da bai wuce minti 80 ba, kuma galibi ana raba fim ne gida biyu, na ɗaya da na biyu. Girman hotonsa 352 ne a 288, hoto 25 a kowace daƙiƙa, kuma kowane minti yana cin kusan MB 10, wato awa guda ta haura MB 600. Ba wani hoto ne na a zo a gani ba, amma ana ganin fuska, ana jin magana rangadau. Da ƙananan wayoyi masu madanni suka cika gari, sai aka riƙa mayar da fina-finan 3GP, tsarin bidiyo na irin waɗannan wayoyi, don su shiga katin 1GB ko 2GB. Hoton 3GP na ƙaramar waya 176 ne a 144, wato kashi ɗaya cikin huɗu na asali daidai, sauran ukun an zubar. Hoto 25 na daƙiƙa guda ya koma 15 ko ƙasa da haka, shi ya sa in ana guje-guje, kuma camama ba ta rabo da guje-guje, sai ka ga mutum yana nan, ya ɓace, ya ɓullo can. Fim ɗin awa guda ya dawo MB 40 ko 50.

Sautin ya fi hoton shan wahala. Tsarin sautin da ake sa wa 3GP, wato AMR, don kiran waya aka yi shi, muryar mutum ɗaya yake iya ɗauka. Ka ba shi kalangu, ko mutum uku suna cacar baki lokaci guda a gaban mai gari, sai ya dama su su zama shuu. Alhali rigimar da kowa ke magana a kan maganar wani ita ce gishirin fim ɗin. Kuma in faifan da aka kwafo yana da karce, kwamfuta takan tsallake hotunan da ta kasa karantawa, sauti kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Da farko bambancin kaɗan ne. Kafin a kai minti talatin, an ji ƙarar mari tun mai marin bai ɗaga hannu ba. Barkwancin da amsarsa ta riga tambayarsa zuwa, me ya rage a cikinsa?

Abin takaicin shi ne yanzu da manyan wayoyi suka yawaita, ba a koma ga faifan an sake kwafowa ba. Wancan ruɓaɓɓen 3GP ɗin ake ɗauka a mayar da shi MP4, a buɗe shi ya cika fuskar waya, a rubuta masa HD. Nauyin fayil ya ninka sau biyar, hoto bai ƙaru da ko ɗigo ba, don abin da aka zubar ba ya dawowa. Ga shi an ja hoton da aka ɗauka a tsarin tsohuwar talabijin an baje shi a faɗi, siririn mutum ya koma gajere mai tumbi. Kowane shago daga wani shagon yake kwafa ta Xender, kowa kuma sai ya sake matsewa ya liƙa tasa lambar. Akwai kwafin da ke yawo da lambobin waya uku a kansa.

Kashi na biyu na fim kuwa, neman sa sai an dace. A tura maka na ɗaya sau biyu da suna daban-daban, ko a haɗa maka na ɗayan wannan fim da na biyun wani, tunda dai 'yan wasan ɗaya ne, wa zai lura? Sunan fayil ma abin dariya ne in ba ranka ne ya ɓaci ba: duk fim ɗin da marigayi Rabilu Musa Ibro ya leƙa a ciki, ko na minti biyar ne, an rubuta masa Ibro 1, Ibro 2, har zuwa inda lissafin mai shago ya tsaya. Mutumin nan ɗan Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa, nan kusa da mu, ya bar aikin gandiroba ya rungumi wasan barkwanci, ya rasu a watan Disamba na 2014. Shi da da yawa daga abokan wasansa sun riga mu gidan gaskiya. Babu ranar da za a sake tara su a ce a maimaita sin ɗin da wani yaro ya datse don ya rage MB goma.

Sai katin kansa. Galibi rumfar da ke tura fim ita ke sayar da memori, kuma jabu ya yi yawa. A jikinsa an buga 32GB, waya ma ta nuna 32GB, amma ainihin cikinsa bai fi 2GB ko 4GB ba, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Za a tura fim ashirin, sunayensu duka su bayyana, biyar su buɗe, sauran fanko. Ko katin na gaske ne, gaggawa na kashe fayil: layi ya yi tsawo, mai shago ya fizge kati tun kwamfuta ba ta gama rubutawa ba, ko janareta ya ɗauke alhali batirin laftof ɗin ya daɗe da mutuwa. MP4 da bai kammala shiga ba sau da yawa ko buɗewa ba ya yi, domin bayanin da waya ke bi ta karanta shi yakan zauna a ƙarshen fayil ne. Kwamfutar da kati ɗari ke shiga cikinta a wuni ba tare da riga-kafi ba kuwa, bairos ɗin nan mai ɓoye folda ya bar inuwarta ya zama ɗan gida. Ba ya goge komai, ɓoyewa kawai yake yi, kuma wanda ya san aiki zai fito da su cikin minti biyu ta hanyar umartar kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Amma me ake yi? Fomatin. Hotunan biki, karatun Alƙur'ani, wa'azin da dattijo ya tara shekara da shekaru, duk a share a ce masa katinka ne ya lalace, Baba, sai dai ka sayi sabo.

Duk wannan ba a gane shi sai an koma gida. Mutum ya biya kuɗin acaɓa ya koma ƙauyensu, ya biya kuɗin caji, bayan sallar isha iyali sun kewaye waya ɗaya, sannan fim ya tsaya cak a minti na goma sha biyu. Kasuwa kuma sai wani makon. In ya dawo da ƙorafi, amsar ba ta wuce biyu: wayarka ce ba ta ɗauka, ko kuma haka fim ɗin ya fito. Wani har ya ƙara da cewa wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. To ba rariya ya ce a ba shi ba, fim ya biya.

Masu cewa a je YouTube a kalla, su zo su gwada a garin da sai an hau tudu ake samun sandar sabis guda. Awa ɗaya a matsakaicin hoto tana lashe MB ɗari biyu zuwa uku, ga kuɗin data da aka ƙara a 2025. Kuma da yawan abin da ke can ɗin waɗannan gurɓatattun kwafin ne aka ɗora.

Gaskiya ne masu turin ma suna ji a jikinsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareta wuni guda ba wasa ba ne. Amma gyaran nan ba fetur yake ci ba, kula yake so. Faifan VCD in an sa shi a kwamfuta, fim ɗin yana cikin foldar MPEGAV, fayil ne mai ƙarewa da DAT. A kwafe shi yadda yake a ajiye, shi ne uwa, kada a taɓa shi. Daga jikinsa za a fitar da MP4 sau ɗaya tak, a bar girman hoton a 352 da 288, a bar shi a hoto 25, sauti a sa AAC. Awa guda za ta tsaya a wajen MB 300, kuma kusan kowace wayar Android za ta buɗe. Mai ƙaramar waya a yi masa nasa 3GP ɗin daban, a gaya masa gaskiya cewa ƙarami ne. Faifai mai datti a wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, a goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, ba kuma da gefen riga ba. A kiyaye bayansa mai rubutu fiye da cikinsa mai sheƙi, domin bayanan suna dab da ƙarƙashin rubutun ne: karcen ciki ana iya lallaɓa shi, na baya kuwa ya tafi kenan. Masu rubuta suna da biro a bayan faifai su ji da kyau. Kuma a daina shanya su a rana a kan tabarma.

Furodusoshi da magadan waɗanda suka rasu ma da nasu laifin. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, sai kowa ya juya baya ya bar kaset ɗin asali a kwali, zafi da ƙura da damina suna cin su. Akwai rumbun adana fina-finai na ƙasa a Jos. Akwai Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tun 2001, wadda ta taɓa kai Ibro kansa gidan yari a 2008 a kan abin da ke cikin fim. In ana iya bin ɗan wasa har kotu a kan fim guda, ai ba zai gagara ba a nemi masu sana'ar turi su sayar da abu cikakke.

Kafin a kai can, mai saye kada ya bar bakin rumfa sai ya mayar da katin cikin wayarsa. Ya buɗe fim na farko da aka tura da na ƙarshe, ya ja kowanne zuwa kusa da ƙarshensa ya ga ko baki da murya suna tafiya tare. Ya duba minti nawa ne, MB nawa ne: in MB ɗin bai kai yawan mintunan ba, 3GP ne ko da me aka rubuta masa. In an ce na ɗaya da na biyu ne, ya buɗe na biyun ya tabbata kayan jikin 'yan wasan da garin da ake ciki ba su sauya ba. Sabon kati kuwa a cika shi taf a gaban mai shago, a gwada, sannan a biya. Ku kuma masu rumfa, allon nan da kuke jera sunayen fina-finai a kai yana da sauran fili. Ku rubuta minti da MB a gefen kowane suna, ku cire lambobinku daga fuskar mutane ku mayar da su kan allon.