Ba na'ura ce ta ba mu sifili ba, mutum ne

Duk wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke cewa shafin karɓar jinga zai rufe ƙarfe 11:59 na dare, ba ɗaga ƙafa ko na minti ɗaya, ina roƙonsa ya zo garinmu ya kwana da waya mai caji kashi goma, sannan ya gwada ɗora fayil. Malamin firamare ne ni, ina karatun digiri daga nesa a wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, kuma wallahi abin da ake yi mana a wannan fotal, wato shafin intanet na makarantar, ya wuce a ce a yi haƙuri.

Ga yadda lissafin yake. Jinga da gwaje-gwajen cikin zango maki 30 ne, jarrabawa maki 70, kuma sai ka kai 40 za a ce ka ci kwas. Ke nan ranar da fotal ya haɗiye jingarka da gwaje-gwajenka, sai ka nemo 40 daga cikin 70 kafin ma ka tsira da mafi ƙasƙancin sakamako. Mutum ya yi karatu, ya rubuta, ya biya kuɗin buga takarda a kafe, ya danna tura, abin nan ya yi ta juyawa a allo har sha biyu ta buga, sai jan rubutu ya fito cewa lokaci ya wuce. Washegari ka kira jami'in kwas, in ma ya ɗauka, amsa ɗaya ce: "Malam, daga sistem ne, ba abin da za mu iya yi."

Ƙarya ce, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Fotal ɗinmu a kan manhajar Moodle aka gina shi, kamar na makarantu da yawa a duniya. Manhaja ce ta kyauta, ba sirri a cikinta. Wani maƙwabcina da ke kula da irinta a wata kwaleji ya buɗe mini ɓangaren malamai na gani da idona. Akwai gurbin ranar da ake son a miƙa aiki, akwai kuma wani gurbin dabam na ranar da za a rufe ƙofa gaba ɗaya. Tsakanin biyun ɗalibi na iya turawa, sai dai a nuna wa malami cewa a makare ya zo, shi kuma ya yanke abin da ya ga dama. A wajenmu wani ne ya ɗauki ranakun nan biyu ya mayar da su minti ɗaya. Akwai wurin da malami zai ƙara wa ɗalibi guda wa'adi, danni biyu ko uku an gama. Akwai wurin sake buɗe wa mutum aikinsa in ya tura fayil ɗin da ba shi ba. Girman fayil ɗin da za a karɓa ma mutum ne ke sa shi, ba daga sama ya faɗo ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Abin takaicin ma, wanda ya ƙirƙiro manhajar a 2002, Martin Dougiamas, ɗan Ostireliya ne da ya tashi a can cikin hamada, nesa da kowace makaranta, ta rediyo ya yi karatunsa na farko. Wanda ya san wahalar nisa ne ya gina ta saboda na nesa. Mu kuma aka karɓo ta aka mayar da ita bulala.

Su waye ɗaliban karatun nesa tukuna? Malaman makaranta ne irina, da ma'aikatan asibiti masu kwana a bakin aiki, da jami'an tsaro da aka tura daji, da matan aure masu goyo waɗanda sai yara sun yi barci suke samun buɗe littafi. Mun zaɓi wannan hanya ne don ba za mu iya zama a aji ba. To a wace ƙasa masu tsara mana wa'adi suke zaune? A Oktoban 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a ɗaya layin, jihohin Arewa sun fi mako cikin duhu, mutane na bin layi wajen masu janareta suna biyan kuɗin caji. A Satumban 2021 an kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, tsawon makonni, har sai mutum ya shiga mota ya tsallaka wata jiha kafin ya yi kira. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, hatta bankuna sai da suka ji a jikinsu. Ba a ɓoye aka yi waɗannan ba, duk a labarai suke. Kuma ko ba irin wannan babban abu, hadari kawai ya haɗo a garinmu sabis ya tafi. Ga data ta yi tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Duk ɗorawar da ta katse a tsakiya, kuɗin cefane ne ya tafi a banza.

Kada wani ya ce mini ai da ka tura da wuri. Mun ji, akwai masu kasala a cikinmu, ban musa ba. Amma sau nawa ake buɗe jingar kanta a makare, a ce kwana uku ne, alhali kalandar zango ta nuna makonni? Sannan a ranar ƙarshe dubban mutane su afka wa shafi ɗaya, ya durƙushe tun magariba. Wanda bai sayi saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe shafin, wadda za ta ɗauki ɗaliban da ya karɓi kuɗinsu ba, da wane bakin zai kira su malalata? Shafin biyan kuɗin makaranta dai ban taɓa jin ya rufe wa kowa ƙofa ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi cin sababbin shiga. Ka ɗora fayil, ka gan shi zaune a shafi, ka yi hamdala ka rufe waya. Ashe a matsayin daftari yake, sai ka sake danna wani maɓalli na biyu kafin ya isa ga malami. Shi ma wannan zaɓi ne da ake kunnawa ko a kashe. In har kun kunna, me ya hana ku gaya wa mutane ranar rajista da harshen da za su gane? Wata baiwar Allah a ajinmu, ungozoma ce, sai da sakamako ya fito ta san cewa duk jingoginta na zangon ba ɗaya da ya bar hannunta. A waya take gaya mini tana kuka.

To a ce ka haye duk wannan, aikinka ya shiga. Sai zaman jiran maki. Mu an ɗaure mu da minti, malamai kuwa ba ranar da ta ɗaure su, ko da yake manhajar na da wurin tunatar da malami ranar da ya kamata ya gama dubawa. Sai ka shiga ɗakin jarrabawa ba ka san ko 5 kake da shi cikin 30 ko 25 ba. In makin ya fito, lamba ce tsirara, ba kalma ɗaya ta gyara, alhali akwatin rubuta sharhi na nan a buɗe. Mene ne amfanin jinga in ba za a nuna maka inda ka kauce ba? Ni da nake duba littattafan yara masu yawa a aji ɗaya da jan biro, ko ba komai nakan rubuta wa yaro "gyara nan". Na san malaman jami'a na cikin nasu halin, mutum ɗaya da ɗaruruwan takardu ga albashin da ba ya kai wata, kuma ba su nake tuhuma da farko ba. Masu ɗibar ɗalibai ba iyaka su ƙi ɗaukar masu dubawa, su ne.

Gwajin da na'ura ke dubawa da kanta kuwa, Allah Ya kyauta. Tambayar cike gurbi, ka rubuta amsa daidai, amma don wanda ya shigar da amsar ya yi kuskuren harafi, ko bai sa sauran hanyoyin rubuta kalmar ba, sai a kashe ka. Duk aji ya faɗi tambaya ɗaya, ba wanda zai ce bari mu leƙa ko daga wajenmu ne. Haka manhajar binciken satar rubutu, Turnitin. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa adadin kamanceceniya da take nunawa ba hukuncin sata ba ne, malami ne zai duba ya tantance, kuma ana iya cire abin da aka ɗauko cikin alamar zance da jerin manazarta daga lissafin. Amma a wajenmu lambar kawai ake kallo. Ka kawo sashe na kundin tsarin mulkin 1999 kalma da kalma, kamar yadda tambayar ta nema, a ce ka yi sata. Da me zan canza lafazin doka?

In ka kai kuka, nan ne za ka san ba ka da gata. Jami'in kwas ya tura ka sashen kwamfuta, su ce ai na ofishin jarrabawa ne, can kuma a ce ka rubuto takarda ta hannun shugaban sashe. Karatun intanet, amma koke sai da takarda da kuɗin mota. Ka nuna hoton allon wayarka mai ɗauke da rana da lokaci, a ce ana iya haɗa shi. Daga ƙarshe a ba ka shawara cikin murmushi: "Ka sake rajistar kwas ɗin kawai." Da kuɗin wa? Da shekarar wa?

Ranka ya daɗe shugaban sashen karatun nesa, tunda ba ku yarda da hotunanmu ba, ku yarda da naku. Manhajar nan tana ajiye tarihin duk wanda ya shiga, da shafin da ya buɗe, da lokacin da ya yi, har daƙiƙa. Ku buɗe na daren da aka rufe jingar, a gaban wakilan ɗalibai, a ga mutum nawa ne ke kan shafin kafin sha biyu suna fama. Duk wanda sunansa ya fito, a buɗe masa ya miƙa aikinsa a duba, kuma kada a nemi ko sisi a hannunsa.