An cire biza, ba a cire takardu ba

Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wannan ɓangaren kowa ya haddace shi. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne sharaɗin da ke biye: sai da ingantacciyar takardar tafiya, da shaidar rigakafi, kuma a shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Tsakanin abin da aka haddace da abin da aka bari a duhu ne ake tatsar matafiya a kan iyaka.

Takardun ba su da yawa. Fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS, ko katin shaida na ƙungiyar a ƙasashen da suka fara bayar da shi, kamar Senegal tun 2016. Katin zaɓe ba ya ƙetare iyaka, haka ma takardar NIN, komai kyawun ledar da aka yi mata. Sai katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka jami'in da ya ce katinka ya tsufa neman na goro yake yi. Mai tafiya da motarsa zai ƙara da inshorar mota ta ECOWAS da ake kira Brown Card, da takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci. Shi ke nan.

To amma a je tashar mota a tambayi fasinjojin Kumasi ko masu zuwa Maulidin Kaulaha, a ga mutum nawa ne za su iya lissafo waɗannan. Abin da aka saba shi ne direba ko ɗan kamasho ya ƙara kuɗin boda a kan kuɗin mota, ya ce a bar masa komai. Daga Legas zuwa Akara tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ake ƙetarewa: Seme, Hillacondji da Aflao, kowacce da hatimin fita da na shiga. Wanda bai san haƙƙinsa ba sai ya biya a kowane tebur. Abin takaicin ma, mai cikakkun takardu shi ma ana karɓar nasa, domin an mayar da biyan al'ada, kuma babu mai son motar ta kwana saboda taurin kansa.

Akwai masu cewa Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne, kakanninmu ba su san fasfo ba. Gaskiya ne, kuma ban ga dalilin da za a nemi fasfo daga matar da ta fito daga Birnin Ƙonni cin kasuwar Illela ta koma gida da yamma ba. Mutanen bakin iyaka suna buƙatar tsari nasu mai sauƙi. Amma wanda zai ratsa ƙasa uku ko huɗu, zumuncin kakanni ba zai fitar da shi daga hannun jandarma a wani ƙauyen Togo ba, kuma in ya shiga ba hatimi, to a idon doka ya shigo ta ɓarauniyar hanya ne.

Yanzu ma lamarin ya ƙara rikicewa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, suka fito da fasfonsu na AES, ƙawancen da suka kafa na ƙasashen Sahel. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku masu tambarin ECOWAS har sai an ji wata sanarwa. Alfarma ce wannan, kuma alfarma tana iya canzawa da safiya ɗaya, alhali ƙaramin jami'in da ke bakin shinge shi ke fassara ta yadda ya ga dama.

A ganina babban laifin na gwamnatoci ne. Ba za a ce talaka ya riƙe fasfo ba, sannan a ɗaga kuɗinsa a Najeriya daga naira 50,000 zuwa 100,000 a Satumbar 2025, takardar ECOWAS mai rahusa kuwa ba a tallata ta. Gini ma bai magance komai ba: an ƙaddamar da ofishin haɗin gwiwa na Seme da Krake, a iyakar Najeriya da Benin, a 2018, amma shingayen kan hanya suna nan. Abin da ake buƙata bai kai tsadar gini ba. A kafa babban allo a Jibiya, Illela, Kongolam da Maigatari, a rubuta da Hausa da Faransanci da Ingilishi takardun da ake nema, da kuɗin da doka ta yanka in akwai, da lambar kai ƙara. Duk kuɗin da aka karɓa a ba da rasit. A kuma kai ofishin yin takardar tafiya da allurar shawara cikin manyan tashoshin mota, tunda daga nan tafiyar ke farawa, ba daga filin jirgi ba.