Filato ba shi ne tsohon garin Yamai ba

Wani mai labari ya rubuta cewa unguwar Filato ce cibiyar tarihin Yamai, ni kam ban yarda ba. Filato unguwar Nasara ce, Faransawa suka shata ta don ofisoshinsu da gidajensu, musamman bayan an ɗauko babban birni daga Damagaram a 1926, kwarin Gunti Yena ya raba su da baƙar fata. Asalin gari yana Mawre, Kalle, Gawe da Zongo, inda fatake Hausawa ke sauka da goro da tufafi. Gawe ma an tashe ta, otel da babban zauren taro na Palais des Congrès ne a wurin yanzu. Ka shiga lungunan Zongo da hantsi ka ga katangun laka masu kauri, zaure da tsofaffi bisa tabarma, mai fura na damu bakin ƙofa. Malam mai cewa wai a rushe tsofaffin unguwannin nan don gari ya yi kyau, haba, wa zai maida mutanen wurinsu? Babbar Kasuwa ta ƙone a 1982 an sake gina ta, amma ƙaramar kasuwa, Petit Marché, da ta ƙone a 2012, wa ya maida 'yan kasuwarta wurinsu?